Yarima Andrew na Girka: tambayoyi da amsoshi kan janar ɗin da ƙasarsa ta kora

Idan aka ce "Yarima Andrew", hankalin yawancin mutane kan tafi ne ga ɗan marigayiya Sarauniya Elizabeth ta Ingila. Ba shi ake nufi a nan ba. Wannan kakansa ne, wanda ɗan sarauniyar ya ci sunansa: Yarima Andrew na Girka da Denmark, mahaifin Yarima Philip mijin sarauniya, wato surukinta, kuma kakan Sarki Charles na yanzu. Waɗanda suka halarci hawan daba da aka yi wa sarauniya a Kaduna a 1956 sun ga ɗansa a gefenta. Shi kuwa uban ko auren bai gani ba. Ya rasu a ɗakin otal shekara 3 kafin a ɗaura, bayan ya shafe shekara 22 rabonsa da kakin soja.

Wane ne shi, kuma ɗan wane ne?

An haife shi a birnin Athens ranar 2 ga Fabrairu, 1882. Shi ne na huɗu a cikin 'ya'ya maza na Sarki George na Ɗaya na Girka da matarsa Sarauniya Olga, jikar Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya. Da yake yana da yayye maza uku a gabansa, ba wanda ya taɓa sa masa ran gadon sarauta. A gidajen sarautar Turai na wancan zamani ɗa irin wannan hanya ɗaya ce gare shi, ita ce aikin soja, kuma ita ya bi.

Me ya sa ake haɗa masa Girka da Denmark?

Saboda gidan nasu asalinsa baƙo ne. Mahaifinsa ɗan Sarki Christian na Tara ne na Denmark, kuma yana da shekara 17 aka kira shi ya zama Sarkin Girka a 1863, bayan Girkawa sun kori sarkinsu na farko, Otto, wanda shi ma ɗan Jamus ne. 'Yan'uwan George mata biyu sun auri manyan sarakuna: Alexandra ta zama Sarauniyar Ingila, Dagmar ta zama matar Sarkin Rasha. Ke nan Sarki George na Biyar na Ingila da Sarki Nicholas na Biyu na Rasha duk taubasan Andrew ne, 'ya'yan gwaggonninsa. A riƙe wannan, domin shi ne zai hana a harbe shi daga baya.

Duk da ba shi da jinin Girkawa, Andrew ya ɗauki kansa Bagirke na gaske. Ya iya Ingilishi da Jamusanci da Faransanci da sauransu, amma tun yana yaro ya ƙi yi wa iyayensa magana da wani harshe in ba Girkanci ba.

Soja ne na gaske, ko dai na ado?

Na gaske ne, gwargwadon yadda ɗan sarki zai iya zama. Ya yi makarantar hafsoshi a Athens, kuma a 1901 ya zama hafsa a rundunar sojan doki, duk da cewa idonsa ba ya gani nesa (shi ya sa a hotunansa da yawa za ka gan shi da gilashin nan na ido ɗaya). Cikin waɗanda suka yi karatu tare akwai wani Theodoros Pangalos, wanda za mu sake haɗuwa da shi a mummunan wuri.

Matsalar ita ce sauran hafsoshi ba su yarda cewa cancanta ce ke ɗaga 'ya'yan sarki ba. A 1909 wasu hafsoshi suka yi bore a barikin Goudi, kusa da Athens, kuma cikin buƙatunsu har da a fitar da 'ya'yan sarki daga rundunar soja. Andrew ya ajiye aiki. Sai da aka shiga Yaƙe-yaƙen Balkan a 1912 aka mayar da shi da muƙamin laftanar kanar. Ana cikin wannan yaƙi, a watan Maris na 1913, wani mutum ya harbe mahaifinsa a titin birnin Salonika, wansa Constantine ya hau gado.

Wa ya aura?

Gimbiya Alice ta Battenberg, tattaɓa-kunnen Sarauniya Victoria, kuma yayar Louis Mountbatten, wanda ya zama gwamnan Ingila na ƙarshe a Indiya. Sun haɗu a Landan a 1902 lokacin bikin naɗin Sarki Edward na Bakwai, aka ɗaura aure a Darmstadt ta Jamus a watan Oktoba na 1903. Alice da matsalar ji aka haife ta, amma ta koyi gane magana ta kallon leɓen mai yi. Sun haifi mata huɗu: Margarita, Theodora, Cecilie da Sophie. Sai auta Philip, wanda aka haifa ranar 10 ga Yuni, 1921, a gidansu mai suna Mon Repos a tsibirin Corfu, daidai lokacin da uban ya tafi fagen daga.

Sau nawa aka kore shi daga Girka?

Sau biyu. Na farko ba don laifin kansa ba ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙasar ta rabe gida biyu: Firaminista Eleftherios Venizelos yana so a shiga yaƙi a ɓangaren Ingila da Faransa, Sarki Constantine kuma, wanda ke auren ƙanwar Sarkin Jamus, yana so a zauna 'yan ba-ruwanmu. A watan Yuni na 1917 Ingila da Faransa suka tilasta wa sarkin barin ƙasar, aka ɗora ɗansa na biyu, Alexander. Andrew da iyalinsa suka bi sahu zuwa Suwizalan, suka yi shekara 3 a can.

Abin da ya dawo da su abin al'ajabi ne. A watan Oktoba na 1920 biri ya ciji Sarki Alexander a gandun gidan sarauta na Tatoi, ciwon ya ruɓe, ya mutu yana da shekara 27. Wata guda bayan haka Venizelos ya faɗi zaɓe, a Disamba aka yi ƙuri'ar raba gardama, Constantine ya koma kan gado. Andrew ya dawo, aka ba shi muƙamin manjo janar. Hafsoshi da yawa masu goyon bayan Venizelos, waɗanda suka goge a fagen fama, aka sauke su ko suka ajiye aiki, aka maye gurbinsu da 'yan ɓangaren sarki. Duk wannan kuwa ana tsakiyar yaƙi.

Wane yaƙi, kuma me ya kai sojan Girka cikin Turkiyya?

Bayan Daular Usmaniyya ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya, manyan ƙasashen da suka yi nasara suka bai wa Girka damar sauke sojoji a birnin Smyrna, wanda Turkawa ke kira Izmir, ranar 15 ga Mayu, 1919. Girkawa na da tsohon buri na haɗe dukan yankunan da masu jin Girkanci ke zaune a ƙasa ɗaya, kuma Yarjejeniyar Sèvres ta 1920 ta ƙara musu ƙarfin gwiwa. Sai dai Mustafa Kemal, jagoran Turkawa masu kishin ƙasa, ya kafa gwamnatinsa a Ankara, ya ce bai san da wannan yarjejeniya ba. Gwamnatin sarki, wadda ta ci zaɓe da alkawarin dawo da sojoji gida, maimakon haka sai ta ƙara kutsawa ciki.

Me ya faru a Sakarya?

A nan ne rayuwar Andrew ta karye. A farmakin watan Yuli na 1921 ya jagoranci runduna ta 12, kuma Girkawa sun kama Kütahya da Eskişehir. Daga nan aka ɗaga shi ya zama kwamandan Babbar Runduna ta Biyu, aka yanke shawarar a doshi Ankara. Mustafa Kemal ya janye mutanensa zuwa gabashin kogin Sakarya, ya bar Girkawa su biyo shi ta busasshiyar ƙasa, ga zafi, ga ƙarancin ruwa, ga hanyar kawo abinci da harsashi tana ƙara tsawo, ga sojan dokin Turkawa suna kai mata hari ta baya.

An gwabza daga 23 ga Agusta zuwa 13 ga Satumba, 1921, kwana 22 ba dare ba rana, ƙasa da kilomita 100 daga Ankara. Girkawa sun kama tuddai da dama, amma kowane tudu da jini mai yawa aka saye shi. Da al'amari ya fara juyawa, babban kwamanda Janar Anastasios Papoulas ya umarci Andrew ya kai farmaki da rundunarsa. Andrew ya ga cewa umarnin na ruɗewa ne, mutanensa ba abinci ba harsashi, ya ƙi, ya fara matsar da rundunar bisa nasa tsarin. Papoulas ya fusata, ya tsige babban hafsan da ke taimaka masa, ya yi masa kaca-kaca. Andrew ya nemi a sauke shi, Papoulas ya ƙi. Kwanaki kaɗan bayan haka dukan sojan Girka suka ja da baya, kuma a kan hanyarsu ta komawa sun ƙone ƙauyukan Turkawa da yawa. Majalisar Ankara ta ba Mustafa Kemal laƙabin Gazi, wato gwarzon yaƙi, saboda wannan nasara.

Andrew ya tafi hutu, daga baya a 1922 aka tura shi ya riƙe runduna a yankin Epirus, can yammacin Girka, nesa da yaƙin.

To, shi ne ya jawo wa Girka shan kaye?

A'a, kuma lissafin kwanakin ma ya isa shaida. Rugujewar sojan Girka ta auku ne a ƙarshen Agusta na 1922, kusan shekara guda bayan Sakarya, lokacin Andrew ba ya ma ƙasar Turkiyya. Turkawa sun shiga Smyrna ranar 9 ga Satumba, kwanaki kaɗan bayan haka gobara ta cinye babban ɓangaren birnin, dubban ɗaruruwan mutane suka tsere ta teku. Musayar jama'a da aka amince da ita a Lausanne a 1923 ta tabbatar da ficewar Kiristoci sama da miliyan 1 daga Turkiyya, da Musulmi wajen 400,000 daga Girka. Musiba irin wannan ta fi ƙarfin umarni ɗaya da janar ɗaya ya ƙi bi.

Amma kada a wanke shi tas. Ƙin bin umarni a tsakiyar yaƙi laifi ne a kowace runduna ta duniya, kuma da ƙaramin hafsa ne ya yi, da tun a fagen daga aka gama da shi. Gadarar jinin sarauta ce ta sa ya iya yi. Mutum ne kuma mai raina na sama da shi da na ƙasa da shi: a wasiƙar da ya rubuta wa wani babban hafsan Girka, Ioannis Metaxas, bayan Sakarya, ya zazzagi Girkawan Smyrna, mutanen da aka ce don su ake yaƙin, saboda suna goyon bayan Venizelos. A ganina hukuncinsa kan halin da rundunarsa ke ciki yana iya zama daidai, hanyar da ya bi kuwa ba daidai ba ce.

Yaya aka yi shari'arsa?

Sojojin da suka tsira suka dawo da fushi. A watan Satumba na 1922 Kanar Nikolaos Plastiras da Kanar Stylianos Gonatas suka yi juyin mulki, Constantine ya sake sauka, ɗansa George na Biyu ya hau. Jama'a na neman wanda za a ɗora wa laifi. Aka gurfanar da manyan gwamnatin da ta gabata a kotun soja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, kuma ranar 28 ga Nuwamba aka harbe mutum shida a Goudi, sa'o'i kaɗan bayan yanke hukunci: tsofaffin firaministoci uku, Gounaris da Protopapadakis da Stratos, ministoci biyu, Baltatzis da Theotokis, da babban kwamandan sojan a lokacin rugujewar, Janar Hatzianestis. Gounaris ma zazzaɓin taifot yake fama da shi aka kai shi wurin harbi. Ingila ta janye jakadanta don nuna ɓacin rai.

Andrew kuwa tun Oktoba aka ɗauko shi daga Corfu aka tsare a Athens. Wanda ya jagoranci binciken shi ne tsohon abokin karatunsa, Janar Pangalos. Ana ruwaito cewa Pangalos ya tambaye shi 'ya'yansa nawa, da ya faɗa masa, sai ya ce abin tausayi, sun kusa zama marayu. An yi zaman kotun ranar 2 ga Disamba, kwana huɗu kacal bayan harbe mutum shidan. Aka same shi da laifin ƙin bin umarni da yin gaban kansa, aka tuɓe masa muƙami, aka kore shi daga ƙasar har abada. Dalilin sassaucin da kotun ta bayar ya fi hukuncin ciwo ga mutum irinsa: wai ba shi da gogewar jagorantar babbar runduna.

Waɗanda suka sa shi a gaba ma ba su kwashe da daɗi duka ba. Pangalos ya ƙwace mulki a 1925, aka hamɓarar da shi a 1926 aka ɗaure. Papoulas kuwa harbe shi aka yi a 1935 bayan wani yunƙurin juyin mulki. A 2010 kotun ƙolin Girka ta soke hukuncin da aka yi wa mutum shidan.

Wa ya cece shi daga harbi?

Ingila. An tura wani hafsan sojan ruwa, Gerald Talbot, wanda ya san Girka da manyanta, ya yi ta kai-komo da shugabannin juyin mulkin har aka daidaita cewa kora za a yi, ba kisa ba. Sarki George na Biyar ya matsa a tura jirgin ruwan yaƙi, HMS Calypso. Masana tarihi da dama na danganta hanzarinsa da abin da ya faru da ɗaya taubashin nasa, Nicholas na Rasha, wanda Ingila ta janye tayin ba shi mafaka a 1917, aka kashe shi da iyalinsa a shekarar da ta biyo. Naka sai naka. Mutum shida da ba su da ɗan'uwa a fadar Landan suna kabari, shi kuwa ya tsallake rijiya da baya.

Gaskiya ne a akwatin lemo aka fitar da Philip?

Haka labarin ya tabbata a gidan. Jirgin ya ɗauki Andrew da Alice, ya biya Corfu ya kwashi yaran, kuma da yake ba gadon jariri, sai aka gyara akwatin 'ya'yan itace aka kwantar da Philip, mai wata 18. An sauke su a Brindisi ta Italiya, daga nan suka shiga jirgin ƙasa.

Da me ya rayu a gudun hijira?

Da taimakon dangi. Sun zauna a Saint-Cloud, a gefen Paris, a wani ƙaramin gida da matar wansa George, Gimbiya Marie Bonaparte, ta ba su aro. Ita mai dukiya ce ƙwarai, kuma dukiyar ta samo asali ne daga kakanta na wajen uwa, wanda ya gina harkar gidan cacar Monte Carlo. Da fasfo ɗin Denmark suke tafiye-tafiye. Alice ta riƙa aiki a wani shago da ke sayar da kayan hannu don taimakon 'yan gudun hijirar Girka.

Shi kuwa Andrew yana da shekara 40 aka raba shi da sana'a ɗaya tilo da ya iya. Kwanakinsa sun koma zama da sauran Girkawan da aka kora, ana tattauna siyasar gida, ana jiran labarin da ba ya zuwa. A 1924 ma aka soke sarautar gaba ɗaya. Babban aikin da ya yi a waɗannan shekaru shi ne rubuta littafin kare kansa kan yaƙin 1921, wanda Alice ta fassara zuwa Ingilishi, ya fito a 1930 da sunan Towards Disaster. Lokacin duniya ta riga ta wuce wurin.

Me ya wargaza gidansa?

Abubuwa uku ne suka faɗo kusan lokaci ɗaya. Alice ta shiga cocin Orthodox na Girka a 1928, ta zurfafa cikin ibada, har ta fara cewa tana samun saƙo daga sama. A 1930 likitoci suka ce taɓin hankali ne, aka kai ta wani asibiti a Kreuzlingen ta Suwizalan ba da son ranta ba. Tsakanin Disamba 1930 da Agusta 1931 kuma dukan 'ya'yan mata huɗu suka yi aure, kowacce ta auri ɗan gidan sarautar Jamus, uwar ba ta halarci ko ɗaya ba. Na uku shi ne abin da Andrew ya yi da kansa: ya rufe gidan Saint-Cloud ya koma gaɓar tekun kudancin Faransa.

Philip bai cika shekara 10 ba. Aka miƙa shi ga dangin uwarsa a Ingila, ya yi makarantar kwana ta Cheam, ya yi ɗan zama a Salem ta Jamus, sannan Gordonstoun a Scotland. Hutu kuwa yau yana gidan wannan yaya, gobe yana gidan wancan kawu. Kora ba da zaɓin Andrew aka yi ta ba, ciwon matarsa ma haka. Amma barin yaro a hannun mutane alhali uba na raye, lafiyarsa lau, ba aikin da ya tsare shi, wannan ba Pangalos ne ya yi masa ba.

Ya sake taka ƙasar Girka?

Ya taka. An maido da sarauta a 1935, George na Biyu ya koma, a 1936 aka soke hukuncin korar, Andrew ya ziyarci ƙasar a watan Mayu na shekarar. Sai dai bai zauna ba. Ya riga ya saba da rayuwar otal da jirgin ruwan shaƙatawa, tare da wata Bafaranshiya, Andrée de La Bigne.

A 16 ga Nuwamba, 1937, jirgin sama ya faɗi a kusa da Ostend ta Beljiyam da 'yarsa Cecilie, da mijinta, da 'ya'yansu maza biyu, da surukarta, da jaririn da take ɗauke da shi. A wurin jana'izar a Darmstadt ne Andrew da Alice suka ga juna karon farko cikin shekara 6. Ba su rabu a hukumance ba, ba su kuma koma zama tare ba.

Ina yake lokacin Yaƙin Duniya na Biyu?

Yaƙin ya rutsa da shi a kudancin Faransa, ba halin fita. Gidansa kuma ya rabe tsakanin ɓangarorin biyu: ɗansa yana sojan ruwan Ingila, surukansa suna ɓangaren Jamus. Ɗaya daga cikinsu, Christoph mijin Sophie, ɗan ƙungiyar SS ne ta 'yan Nazi, ya mutu a haɗarin jirgi a Italiya a 1943. Andrew bai sake ganin Philip ba tun 1939.

Yaya ya rasu, kuma me ya bari?

Ciwon zuciya ne ya kashe shi a otal ɗin Metropole da ke Monte Carlo ranar 3 ga Disamba, 1944, yana da shekara 62. An fara ajiye gawarsa a cocin Rashawa da ke Nice, sai a 1946 jirgin yaƙin Girka mai suna Averof ya kai ta gida, aka binne shi a maƙabartar sarakuna ta Tatoi. Ya bar bashin fam 17,500. Bayan yaƙi Philip ya je Monte Carlo ya karɓi abin da ya saura: tufafi, da burushin aski mai mariƙin hauren giwa, da zoben hatimi wanda ya ci gaba da sawa.

Ita Alice fa?

Ta warke, ta koma Athens, ta zauna a can duk tsawon mamayar Jamus tana ciyar da mayunwata. A 1943 ta ɓoye wata Bayahudiya, Rachel Cohen, da 'ya'yanta a gidanta. Daga baya ta kafa ƙungiyar mata masu hidimar addini, kuma da tufafinsu masu ruwan toka ta halarci naɗin surukarta a 1953. Ta rasu a fadar Buckingham a 1969, a 1988 aka mayar da gawarta Dutsen Zaitun a Ƙudus kamar yadda ta yi wasiyya.

Me ya sa ranakun ke saɓawa daga littafi zuwa littafi?

Girka ba ta koma kalandar da ake amfani da ita yanzu ba sai 1923. Don haka za ka ga an rubuta harbe mutum shidan 15 ga Nuwamba a wani wuri, 28 ga Nuwamba a wani. Tazarar kwana 13 ce. A nan sabuwar kalanda aka bi.

Har yanzu akwai sarauta a Girka?

Babu. Gwamnatin soja ta soke ta a 1973, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta Disamba 1974 kusan kashi 69 cikin 100 suka zaɓi jamhuriya. Sarki na ƙarshe, Constantine na Biyu, jikan wan Andrew, ya yi shekaru da yawa yana gudun hijira a Landan kafin ya koma Athens, inda ya rasu a watan Janairu na 2023. Gwamnati ba ta yi masa jana'izar shugaban ƙasa ba.